Ɓawon Albasa

Sahabi, aje wayar nan, zo ka zauna.
Na ga saƙon da ya sa idonka ƙyalli.
Irinsa ya same ni shekara biyu baya,
Ina gindin rudu, ina tsince ruɓaɓɓiyar albasa.

Wai ana ɗibar ma'aikata a Birnin Kebbi,
Kamfanin shinkafa, ga albashi ga wurin kwana.
Gurbi uku ya rage, in ji mai maganar,
Murya da sanyi kamar ruwan randa.
Malam Basharu ya ce mini sunansa.

Ya san unguwarmu a Aliero,
Ya tambayi jikin Baba, har da addu'a.
Na ce wanda ya gai da mahaifinka
Ba zai cuce ka ba. Nan na sha ƙasa.

Dubu ashirin kuɗin fom.
Sha biyar na gwajin jinin da ba a ɗiba ba.
Sai na riga da takalmi, sai goron babban oga,
Wanda ba a gani, ba a kira,
Sai dai a tura ta hannun yaronsa.

Baba Arzika ya buɗe rudu tun lokaci bai yi ba,
Buhu shida, farashi na kwance a kasuwa.
Dillali ya ce, "Ka jira wata biyu mana."
Baba ya ce, "Yaro zai fara aiki Litinin."
Har yau ina jin alfaharin da ke cikin muryarsa.

Litinin na sa shaddar sallah,
Na shiga motar farko, ko koko ban sha ba.
Mai gadi ya karɓi takardar, ya juya ta,
Bai yi dariya ba, da ma ya yi.
"Kai ne na tara a makon nan, ɗana.
Hatimin nan ba namu ba ne."
Na kira lambar a bakin ƙofa. Babu amsa.

Kunya ta hana ni hanyar gida.
Na sauka Jega, na shiga gidan buga bulo.
Mai wurin ya ce kuɗi sai ƙarshen wata,
Ya karɓi takardar difilomata, wai ajiya.
Ba rubutu, ba shaida, sai "ai mun zama ɗaya."
Wata ya tsaya, ya mutu, wani ya tsaya,
Siminti ya cinye tafin hannuna,
Kullum gobe, goben tana ƙara nisa.
Sai da na yafe gumin wata uku
Kafin takardata ta fito daga akwatinsa.

Garinmu garin masu ɗori ne, Sahabi,
Ƙafa kan karye, kwana arba'in ta taka.
Amma shirun da Baba ya yi a zaure,
Ya miƙo mini kwando bai ce uffan ba,
Ban ga mai ɗorin da ya san makamarsa.

To wannan naka, nawa ya ce ka turo?
Aiki ke biyan mutum, tun kaka da kakanni,
Yaushe aka fara biyan gona kafin a yi mata ƙodago?
In ya ce yau-yau, ce masa jibi.
Kuɗin mota bai kai rabin buhu ba,
Je ka ga ƙofar, gani ya kori ji.
Nemi wanda ya bar wurin, ji abin da ya kore shi.
In an yi jinga, a rubuta gaban mutum biyu,
Takardarka ta asali ta kwana a adakar Inna,
Mai son gani, kwafi ya ishe shi dubawarsa.

Ɗauki wannan, ɓare ta ina kallo.
Ɓawo. Wani ɓawon. Ci gaba.
Ina ƙwallon? Babu, sai hawaye.
Ita dai ko banza tana gyara miya.
Share idonka.
Miƙo wayar, in ji muryarsa.